Ban Cire Turken Wule Ba

Da sunan Allah nake farawa.

Daga Dakoro, zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda ƙannenta ke ce wa Yaya, masu radiyo kuma ke ce wa Doktor.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An gama kai hatsi rumbu, ɗan abin da aka samu. Sanyi ya fara shigowa, ƙafata ta dama ta soma halinta na kowace shekara. Ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na san za ki ji nauyin ganin wannan a shafin da kowa ke karantawa. Ni ma na ji nauyin. Amma na yi ta kiran salularki ba ki ɗauka. Na aika miki murya, na ga alamar kin saurara, amsa ba ta zo ba. Kuma maganar da ta shiga tsakaninmu ba a ɗaki aka yi ta ba. A bakin rijiya aka yi ta, da kasuwar shanu, da gidajen suna. Saboda haka a fili zan amsa. Waɗanda suka yi ta yawo da hotonki a salula su karanta wannan ma, ban hana kowa ba.

Ƙanenki Sani ya faɗa mini abin da kika ce kada ya faɗa. Kada ki yi masa faɗa, ni na tsare shi. Kin ce ba za ki je taron ƙasashen da aka gayyace ki ba, inda za a yi maganar kasuwanci da canjin yanayi. Kin ce kin bar rubutu a kan bisashe da iyaka da ruwan sama, za ki nemi aikin banki inda ba wanda zai ƙara jin muryarki. Kin ce dalili ni ce, wai bakinki ya ja an kunyata uwarki, an karɓe mata saniya.

Ban yarda ba. Abin da takardar nan ta ƙunsa ke nan tun daga sama har ƙasa. Amma tunda labarin ya iso miki ta bakin mutane, bari ki ji shi daga wadda abin ya samu.

A ƙarshen damana hoton ya shigo gari. Ke ce zaune gaban wani ɗan jarida kina Faransanci, wani kuma ya ɗora muryarsa a kai da Hausa. Ɗan guntu ne. A ciki kin ce bana ciyawa ba za ta kai faɗuwar ruwa ba a yankinmu, gara mai shanu ya rage wasu tun suna da nama a jiki. Nan aka yanke. Sai mai muryar ya ƙara nasa: wai Nasara, wato Turawa, sun ce shanunmu ne ke ɓata iskar duniya, suna son a bar kiwo, sun kuwa samu ƴar gida ta yi musu shela.

Kafin kasuwa ta zagayo, ba gidan da bai gani ba. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Wata ta tambaye ni, da murmushi, ko yanzu nonon gwangwani muke sha a gidanmu. Wata ta ce ai dole, wanda ya ci abincin mutane shi ke faɗar maganarsu.

Kin san ni da fargaba. Ko ruwa aka ce ya ci wani gari a wata ƙasa, sai na kira in ji ko kusa da ku ne. To ki ƙiyasta yadda na kasance. Tuwo ya ƙi shiga. Sai na sa Sani ya nemo mini hirar dukanta, ya zauna ya juya mini ita jimla jimla, inda ban gane ba in ce ya koma baya.

Na ji kin ce hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya rikita mana damana, ba saniyar makiyayi ba. Na ji kin ce duk lokacin da aka rufe iyaka da kudu, saniya na faɗuwa a kasuwa, buhun hatsi na hawa, mai kiwo ya sayar da biyu ya sayi abin da ɗaya ke saye. Na ji kin yi maganar shingayen da ke tare kamyo, babbar motar ɗaukar shanu, a hanya har dabba ta rame kafin ta isa. Kin ce sayarwa da wuri ba ta da amfani sai hanya na buɗe kuma akwai abincin dabbobi a ajiye kusa da mutane. Kin ce kuɗin da ƙasashe masu arziki ke alkawari saboda yanayi, ya kamata su iso har ruga. Duk wannan an yanke shi.

Amma ba zan yi ƙarya don in kare ki ba. Maganar sayarwa kin faɗe ta, da bakinki. Kuma ta yi ɓarna. Ƴan kasuwar da ke zuwa sayen shanu sun riƙe ta kamar sanda. Mutum ya kawo bijiminsa, su ce masa ai har ɗiyarku mai ilimi ta ce bana ba ciyawa, karɓi abin da muka ba ka kafin ya mutu a hannunka. Kawunki Ilu, da ya tsufa yana dillanci a kara, kasuwar shanu, ya zo har gida ya ce mini ke kina can kina rubuta takardu ministoci na karantawa, su nan suna kwasar duka. Ban musa masa ba. Fushin mutane yana da tushe.

Sai dai ni na san inda maganarki ta fito. Ba daga Nasara ba ne. Daga bayan gidanmu ne.

Kina ƙaramar lakwal, wato firamare, shekarar da shanun mahaifinku suka ƙare. Da kaka an zo an taya su suna sheƙi, Allah ya jiƙansa ya ce shi ba ya sayar da saniya lafiyarta lau. Haka kowa ya ce. Da bazara ta yi nisa, kowace safiya sai an tada su. A cusa itace ƙarƙashin ciki, maza biyu su ɗaga, ke kuma ki riƙe wutsiya kina ja da dukan ƙarfinki, da rigar lakwal a jikinki. Wadda ta tsaya ta kai yamma. Wadda ta ƙi tsayawa an san labarinta.

Kin tuna mahautan da suka zo da kamyo suka kafa ragar banda a bayan gari. Suna sayen saniyar da ta kasa tashi a kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Hayaƙin naman ya kwanta kan gari har cikin tufafinmu. Mahaifinku ya zauna tsakanin turaku babu ko ɗaya a ɗaure.

A ranar kika zo kusa da murhu kika ce: «Inna, me ya sa ba mu sayar ba tun suna tsaye?» Na ce ki rufe baki, mahaifinki na ji. Ran nan shiru ya dace, mutum na cikin makoki. Amma tambayar ba ta mutu ba. Ita kika ɗauka kika tafi da ita Maradi, kika wuce Yamai, kika ƙetare ruwa. Duk takardun da kika rubuta, da masu kauri da marasa kauri, ni a ganina tambayar nan ce kike ta juyawa. Yanzu wani ƙato da bai taɓa ɗaga wutsiyar saniya ba zai ce an ba ki ita a ƙasar waje?

Bayan shekarar nan ne Dado ta zo da karsana. Ke kin san Dado, amma masu karatu daga nesa ba su san ta ba. Bafulatana ce, rugarsu na kan hanyar Korahane. Tun ina amarya take kawo nono ƙofarmu, har muka zama ƙawaye. Lokacin da aka yaye ki ita ta riƙa aiko da madara, shi ya sa take ce miki ƴar nonona. Nasu shanun ma sun mutu a wannan shekarar, sai ƴan kaɗan da suka tsira. Cikin ƴan kaɗan ɗin ta zaɓo ɗaya, ta jawo ta har gidanmu, ta ɗaure a turke, ta ce habbanaye ce.

Habbanaye aro ne, amma ba irin aron turmi ba. A ba ka karsana ka riƙe har ta haihu sau uku. Ƴaƴan naka ne, uwar ta koma gida. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a dukanta. Kafin naka su sha ita ke sha. In ta mutu a hannunka ba a biya, sai dai a yi wa juna ta'aziyya. Kuma ba a karɓar ta kafin wa'adi. Wanda ya aiko a kwance masa saniyarsa kafin ta cika, ba saniya ya karɓa ba, zumuncin ya yanke.

Daga ƴaƴan karsanar nan garkenmu ya sake tashi. Su suka kai ki lise, babbar makaranta, su suka saya miki katifa da akwati da kuɗin motar Yamai. In akwai wanda ya biya aka sa magana a bakinki, to shanun Dado ne.

Da mahaifinku ya rasu, bayan na fita takaba, Dado ta sake zuwa da wata. Ja ce mai farin goshi, Wule. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce gida ba namiji kada ya zama ba kukan saniya. Wule ta haihu sau ɗaya a hannuna, yanzu tana da ciki na biyu.

Ita ce Ja'e, babban ɗan Dado, ya zo nema. Da hantsi ya iso. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, na kawo masa ruwa ya ajiye kwanon bai sha ba, a nan na gane. Yana kallon ƙasa ya ce shi da ƙannensa sun zauna, sun ga gidan da ɗiyarsa ke cewa a sayar da shanu ba wurin barin saniyar aro ba ne. Ya ce tsohuwa ba ta ce a zo ba, amma ba ta hana ba.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Yaron da na goya a bayana ranar da uwarsa ke zazzaɓi, yau yana zargina da zan kai Wule kara. Amma na daure. Na ce masa ya koma. Ba wanda zai kwance saniya daga turkena sai ni. In an ce a maida ta, da ƙafata zan kai ta, da rana tsaka, ba a ja ta daga gidana kamar kayan sata ba.

Nan Sani ya kira ki, nan kika ji rabin labari kika yanke hukunci. Ga sauran rabin.

Na zauna na yi tunani. Ko dai ɗiyata ƙarya take yi, ko gaskiya. In ƙarya ce, ya kamata in fito in ce ban san ta ba. In gaskiya ce, to me bijimaina ke yi a ɗaure suna jiran bazara? Ba zan ce wa mutane ɗiyata ta san abin da take faɗi ba alhali ni kaina ban bi ba.

Na aika wa kawunki Ilu ya zo ya kai mini bijimai biyu da tsohuwar saniyar nan mai karyayyen ƙaho kasuwa. Ya ƙi. Ya ce in rufa wa zuri'a asiri. Gwauruwa ta fitar da shanu masu ƙiba, ba biki, ba Makka, ba marar lafiya a likita, me za a ce? Za a ce gidan ya karye. Za a ce ɗiyar ta daina aike. Kin san a nan ba a sayar da saniya sai da dalilin da kowa ya sani, kuma «ina tsoron bazara» ba ya cikin dalilai.

Na ce to a ce. Ranar kasuwa na yafa mayafina, Sani ya kora su, na bi baya. Tunda nake ban taɓa sa ƙafa cikin kara ba, mace mai shekaruna ba ta zuwa can. Na shiga na tsaya kusa da bijimaina. Maza suka riƙa ratsewa kamar sun ga kura. Wasu suka fiddo salula suna ɗauka, na gyara tsayuwa don hoton ya fito da kyau.

Mai saye na farko ya san ko ni wace ce. Ya zagaya bijimin, ya yi dariya, ya ce Inna ai ɗiyarki ta ce bana ba ciyawa, sai haƙuri da abin da ya samu. Na ce masa: «Ɗiyata cewa ta yi a sayar da mai nama, ba ta ce a yi sadaka da shi ba. Taɓa ƙirjin nan ka ji, in ba za ka iya ba matsa wa na bayanka.» Mutane suka yi dariya, wannan karon ba ni ake wa ba.

Rana ta yi zafi, ƙafata na zugi, ban zauna ba. Can sai ga kawunki yana huci, ya ture wani baƙon dillali da ya fara zagaya ni. Wai ba zai iya ganin ƴar'uwarsa tsaye cikin maza ba. Ni dai na ga la'ada ce ba ya son ta tafi hannun wani, amma na bar shi da nasa dalilin. Ya yi ciniki irin na wanda ransa ya ɓaci, bai sassauta wa kowa ba. Aka sa albarka. Ban samu abin da zan samu ba da hanyar kudu na tafiya yadda ya kamata, wannan ma kin faɗa a hirarki. Amma tsaye suka bar hannuna, suna tafiya da ƙafafunsu, ba a kan itace ba.

Na bi su da kallo har suka hau kamyo. Na tuna mahaifinku. Ban yi kuka a kara ba, sai da na zo gida.

Da kuɗin na sayi dusa da angurya da harawa tun ba su yi tsada ba. Na cika ɗakin da kike kwana da, na ɗora saura kan rumfa. Maƙwabta na leƙe ta kan zana. Wata ta ce Inna ta zama ƴar kasuwa da tsufa. Na ce mata ta dawo da bazara mu gaisa.

Sannan na cika alkawarin da na yi wa Ja'e. Na yi wa Wule wanka, na shafa mata mai a ƙaho. Na ɗauki amalanken jaki, aka loda buhunan dusa da angurya, aka ɗaura Wule a baya. Ta tsakiyar gari muka bi, ban bi lungu ba.

A hanya na ga abin da kike gani ta cikin na'urorinku daga sama. Ciyawa ba ta wuce idon sawu ba, kuma tun yanzu rairayi na leƙowa ta tsakaninta. Wuraren da na san ana ɓacewa cikin ciyawa da kaka, bana akuya ma ba ta ɓuya. Makiyayan da muka gamu da su sun gani, sun fi ni gani. Ba rashin sani ke damunsu ba. Mutum ne zai kalli saniyar da ya san uwarta da kakarta, a ce masa ya maida ta takarda ya sa aljihu.

Dado na zaune gindin ƙoren nononta da muka isa. Ta tsufa, ɗiyata, idonta ɗaya ya yi fari. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru: gida, yara, sanyi, gajiyar hanya. Ba ta kalli Wule ba ko sau ɗaya, ko da saniyar ta yi kuka da ta ji warin garkensu. Ja'e da ƙannensa suka tsaya nesa.

Na sa aka sauke buhunan. Na ce waɗannan na Wule ne. Wa'adinta bai cika ba, cikinta a gidana ta ɗauka, saboda haka cinta na wuyana ko a ina take tsaye. Na ce na sayar da nawa don na aro ta ci, in wannan ne abin da ake tsoro daga gidana, to ga shi an gani.

Ja'e ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sandarsa. Dado ta daɗe tana kallon buhunan. Sai ta dafa ƙasa ta tashi, ta je ta kwance igiyar daga ƙahon Wule da hannunta, ta naɗe ta a tsanake, ta zo ta ajiye mini a cinya. Ta ce:

«Yarinyar da ta sha nonon shanuna ba za ta yi mini magana ta bakin wani ƙato a salula ba. Ta zo nan ta zauna ta faɗa. Yarana su tambaye ta, ni in ji amsa. Ran nan ki zo da igiyarki.»

Haka na dawo, amalanke ba kaya, igiya a cinya.

To kin ji. Yanzu ki faɗa mini, shirunki me zai maido mini? In kika shiga banki kika ja ƙofa, mai muryar nan ya ci nasara, guntun hoton ya zama shi ne dukan abin da kika taɓa faɗi. Ƴan kasuwa za su ci gaba da dukan mutane da rabin maganarki, rabin da ke kare su kuma ya mutu a cikinki. Ni in zama tsohuwar da ta tsaya cikin kara a kan maganar da mai ita ta gudu ta bari. Wannan ita ce kunyar da ba zan iya ɗauka ba. Ta gidan suna na ɗauke ta, ba ta da nauyi.

Ki je taronki. Ki tsaya gaban masu manyan riguna ki faɗa musu abin da rufe iyaka ke yi wa mai saniya biyar. Ki faɗa musu hayaƙin na wane ne. Ki tambaye su kuɗin da ake ta ambata a wane shinge suke maƙalewa kafin su iso rugagen Tagriss, nan yankinmu. Kada ki rage murya don ni.

In kin gama, ki zo gida kafin bazara ta kama. Ba da Faransanci ba, da Hausar da kika yi tallar ƙuli da ita. Kuma ki shirya, don Ja'e ba ɗan jarida ba ne, ba zai gyaɗa miki kai ba. Na ji tambayoyinsa a bakin ƙannensa. A sayar wa wa, in hanya na rufe? Kuɗin a ajiye su ina, da ƴan'uwa ba za su cinye su da roƙo ba? In ruwa ya sauka, wa zai sayar masa da karsana irin jinin shanun ubansa? Ni ban san amsa ba. Ke aka yi wa karatun. In akwai wadda ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki koma ki bincika. Dado ba ta ce sai kin yi gaskiya a komai ba. Cewa ta yi ki zo.

Mai yiwuwa ma ki yi kuskure. Ruwa na Allah ne. In ciyawa ta kai, ruwa ya sauko da wuri, na yi asarar bijimai biyu, gari ya samu abin dariya har shekara ta zagayo. Zan yi dariyar tare da su, da farin ciki ma. Na gwammace a yi mini dariya da in sake riƙe wutsiya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi mini wuya.

Ke ce ta fari, saboda haka ban taɓa kiran sunanki ba. Ban taɓa yi miki wasa gaban mutane ba, ban taɓa yabonki a taro ba. Ranar da za ki tafi Maradi, kowa ya raka ki tasha, ni na tsaya bayan zana ina kallo ta wata ƴar kafa har ƙafafunki suka ɓace. Haka aka yi mana, haka muka yi. Wataƙila shi ya sa kika ɗauka ni abin lallaɓawa ce, wadda za a ɓoye wa labari, a bar aiki dominta. Ba ki taɓa jin na tsaya miki da baki ba.

Kin tuna littafin farko da kika aiko, mai baƙin bango? Na juya shi sama da ƙasa, aka nuna mini da yatsa aka ce nan ne sunanki. Na kalli wurin, ban ga komai ba sai ƙananan zane. A satin da ya iso na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, cikin sa'o'in ƙannenki. Da madam mai koyarwa ta tambayi kowa kalmar da take son fara koya, na kasa faɗin tawa. Washegari na zo da littafin cikin mayafi, na buɗe, na ɗora yatsa. Ta gane, ba ta tambaye ni ba.

Har yau cikin littafin ban iya karanta komai ba, Faransanci ne. Amma bangon na iya. Kuma ba na son bangon da ke ɗauke da sunanki ya daina zuwa.

Allah ya tsare mini ke a ƙasar da ban sani ba. Ya kare ki daga sanyinsu da jirginsu da bakin mutanenmu. Ya sa gaskiya a harshenki, ya ba ki haƙurin jin tambaya mai zafi. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Dado kwana, ya sauki Wule lafiya, ya ba mu damana mai albarka ko da za ta ƙaryata ki. Amin.

Sani ya so ya cire turken don kada in riƙa gani ina damuwa. Na hana shi. Yana nan inda yake, ina share gindinsa kowace safiya, igiyar kuma na rataye ta a ƙofar ɗakina.

Duk na sama faɗa na yi aka rubuta mini, wannan layin kuwa da kaina zan rubuta. Bakina bai iya ba, amma hannu ya koya, kuma ga gari na kallo:

Habsatu, ɗauki salularki.

Ni ce,
Innarki.